Bindigar toka: Yadda ake zaɓen magogin bututu da kula da shi

A garuruwan da ke gefen Abuja ta wajen gabas, kan hanyar da ta tashi daga Nyanya ta ratsa Karu, Jikwoyi, Kurudu da Orozo har zuwa Karshi, bindigar toka tana nan da ranta. Ana ganinta a kafaɗar mafarauta, ana kuma ganinta a hannun 'yan banga masu sintirin dare a unguwannin da suka jingina da duwatsu da daji. Sace mutanen da aka yi a rukunin gidajen sojoji na Kurudu a watan Janairun 2024 ya tuna wa mazauna yankin cewa masu sintirin sa-kai na cikin waɗanda ake dogaro da su kafin jami'an tsaro su iso.

Sai dai wannan makami, wanda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, yana da halin juyowa kan mai shi. Idan bututunsa ya ci tsatsa, ko datti ya toshe shi, ko aka ɗura shi sau biyu bisa mantuwa, yakan tsage a hannu ya tafi da yatsu ko ido. Abin da ke tsakanin mai bindiga da irin wannan musiba ɗan ƙaramin ƙarfe ne da bai wuce tsawon gaɓa biyu na yatsa ba, wanda ake ɗaurawa a kan sandar ɗuri domin ya riƙe ƙyallen da ake goge cikin bututu da shi. Turawa suna ce masa jag. A nan za a kira shi magogi.

Bindigar da ake ɗurawa ta baki ta daɗe a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya samo bindigogi daga ƙasar Nupe, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dakaru masu bindiga a fada. Sunan da Turawa suka ba ta yana da nasaba da 'yan kasuwar Denmark da suka riƙe sansanoni a gaɓar tekun Ghana ta yau har zuwa 1850, ko da yake yawancin bindigogin da aka riƙa shigowa da su daga baya ƙirar Birmingham ta Ingila ce da Liyej ta Beljiyam. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa a buɗe ga tsohuwar bindigar ƙyastu da albarushinta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ta yi zamanta a ƙauyuka, maƙera suka koyi gyaranta da kwaikwayonta, har ta zama abin da 'yan bindigar sarki ke harbawa a hawan sallah.

A dokar ƙasa, Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, ta sanya waɗanda ake ɗurawa ta baki a kashi na uku, ta kuma danƙa al'amarin lasisinsu a hannun 'yan sanda. Ƙera bindiga ba da izini ba laifi ne. Wannan bayani ya shafi wanda ya riga ya mallaki tasa bisa ƙa'ida, yana kuma son ta daɗe ba ta cutar da shi ba.

Me ya sa take tara datti haka?

Albarushin gargajiya haɗi ne na gawayi, farar wuta da wani nau'in gishiri mai ciyar da wuta. Idan ya ƙone, ba dukkansa ke zama iskar da ke tura harsashi ba. Fiye da rabin nauyinsa yana komawa daskararren abu, wani ya fita cikin farin hayaƙin nan da ake gani, wani ya lafe a jikin bututu. Harsashin bindigar zamani ba ya barin ko kusa da wannan.

Cikin abin da ya lafe akwai sinadari irin wanda ke cikin ruwan tokar da mata ke tacewa domin miya, akwai kuma gishirin da ke ɗauke da farar wuta, wanda shi ke kawo warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji idan aka zuba wa bindiga ruwa. Halinsu ɗaya: suna jawo danshi daga iska. Duk wanda ya taɓa barin kanwa ko gishiri a buɗe da damina ya san yadda suke yin gumi. Haka dattin albarushi ke yi a cikin bututu, kuma da zarar ya jiƙe sai ya fara cin ƙarfe. A wuri mai laima, kwana ɗaya ya isa tsatsa ta bayyana.

A nan ne yanayin Abuja ya shigo cikin magana. Damina a yankin takan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, ruwanta kuma ya fi na Kano ko Katsina yawa nesa ba kusa ba. Mafaraucin da ya taso daga arewa mai nisa da al'adar jingine bindiga bayan ƙofa har sai ya sami sarari, zai tarar da cewa abin da bushewar garinsu ke yafe masa, laimar Kurudu ba ta yafewa. Da hunturu kuma matsalar ta sauya kama: dattin yakan bushe ya yi tauri kamar kasko, ƙura ta haɗu da mai ta zama abin da ke goge ƙarfe.

Dattin yana da wata illa da ta fi tsatsa saurin kawo ɓarna. Kowane harbi yana ƙara matse bututu, musamman daga can ƙasa inda albarushi ke zama. Idan aka yi harbi da yawa ba a goge ba, ɗurin gaba yakan tsaya a hanya bai kai kan albarushi ba, mai bindiga kuma ya ɗauka ya kai. Wannan gurbi na iska da ya rage tsakanin albarushi da harsashi yana cikin sanannun abubuwan da ke sa bututu ya kumbura ko ya fashe. Ban da haka, garwashi kan ɓuya cikin datti, ya kunna sabon albarushi a daidai lokacin da ake zuba shi, hannun mutum kuwa yana bakin bindiga.

Abin farin ciki shi ne wannan datti yana narkewa a ruwa. Ba ya buƙatar wani magani mai tsada. Abin da yake buƙata shi ne a sami hanyar kai jiƙaƙƙen ƙyalle har gindin bututu, a matsa shi da bango ta kowane gefe, a kuma dawo da shi waje. Bindigar zamani ana buɗe ta ta baya a tura ƙyalle ya fita ta gaba. Bindigar toka ƙofa ɗaya gare ta. Duk abin da ya shiga ta baki, ta baki zai fito, kuma wannan shi ne dukkan dalilin siffar magogi.

Siffarsa da girmansa

Magogi mulmulalle ne, an yanka masa zobba uku ko huɗu a jiki, kamar an jera ƙananan faifai a kan tsinke. Bayan zobban yana da siririn wuya. Idan aka ɗora ƙyalle a bakin bututu aka tura, ƙyallen yakan lulluɓe kan ya zame ƙasa cikin sauƙi. Idan aka jawo, sai ƙyallen ya tattare a cikin wuyan, zobban su cije shi, ya ƙara kauri ya share bango yana tahowa. Wato ainihin sharar a fitowa ake yin ta. Magogin da aka yi daidai yana tura ƙyalle ya wuce ta kan datti, sannan ya kwaso shi zuwa waje. Wanda ya yi kauri da yawa kuwa tura dattin yake yi ƙasa, ya danna shi cikin ɗan ramin da wuta ke bi zuwa ga albarushi, bindiga ta riƙa ƙin tashi, mai ita yana zargin albarushi alhali laifin na wajen shara ne.

A Amurka da Turai, inda har yanzu ake farauta da gasa da bindigogin ɗuri, zaɓen magogi ba ya da wuya, domin bututun masana'anta yana da girma sananne. Akwai mai faɗin milimita 11.4, da mai 12.7, wato rabin inci, da mai 13.7. Ana sayar da magogi da lambar bututu a jikinsa, kuma yakan gaza bututun da kimanin milimita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, domin a bar wa ƙyalle wuri. Yawancin waɗannan bindigogi suna da tsaga murɗaɗɗiya a cikin bututu wadda ke sa harsashi ya juya, saboda haka ƙyallen sai ya zama mai laushin da zai shiga cikin tsagar, sandar kuma sai an bar ta ta juya da kanta tana bin murɗin.

Bindigar toka ta gida ba ta da tsaga, cikinta sumul yake. Wannan sauƙi ne. Wahalar ita ce ba ta da lamba. Maƙeri yakan yi bututu da ƙarfen da ya samu, don haka bindigogi biyu daga maƙera ɗaya suna iya bambanta da milimita biyu ko uku, kuma bututu guda na iya zama mai faɗi a baki, matsattse a tsakiya. Wanda ya sayi kayan sharar bindiga na kanti, ko ya ari na abokinsa, yana caca ne. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki kimar ido ba ta wadatarwa, domin rabin milimita ne ke raba magogin da ke aiki da wanda zai maƙale.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a auna faɗin bakin bututu da ma'aunin kauri irin na makanikai, a kai awon wurin mai injin sassaƙa ƙarfe ko wurin maƙerin fari, a ce ya yi magogin da ya gaza awon da kimanin milimita ɗaya. Awon kawai ake kaiwa, ba a yawo da bindiga cikin kasuwa. Bayan an karɓo, sai a gwada shi tsirara, babu ƙyalle: ya kamata ya sauka har gindi da nauyin sanda kawai, ba tare da ya tsaya a ko'ina ba. Idan ya tsaya, akwai matsi a wurin, kuma da matsattsen wurin ake yin lissafi, ba da baki ba. Sannan a gwada da jiƙaƙƙen ƙyalle. Idan ya shiga da tura ta hannu ɗaya, ya fito da ɗan ja mai ƙarfi amma ba sai an taka bindiga da ƙafa ba, an dace. Idan ya yi matsi, a rage shi da magagari kaɗan-kaɗan ana juya shi. Gara ya ɗan yi sako-sako a ƙara masa kaurin ƙyalle da ya yi kauri a rasa yadda za a yi da shi.

Wannan ya nuna cewa magogi da ƙyalle abu guda ne, ba a zaɓen ɗaya a bar ɗaya. Wanda ya daidaita magoginsa da tsohuwar singileti, ranar da ya sa ƙyallen wandon jins zai sha mamaki. Auduga zalla ake so, wadda aka sha wankewa ta yi laushi. Yadin roba ba ya shan ruwa, shafa dattin kawai yake yi. Girman ƙyalle ma yana da ƙa'ida: ya rufe zobban ya ɗan wuce wuya. Idan ya zarce haka, ragowar takan naɗe a jikin sanda ta dunƙule, kuma yawancin maƙalewar da ake samu daga nan take. Yana da kyau a yanka ƙyallaye da yawa daga tufa ɗaya, girma ɗaya, a ajiye a leda.

Game da ƙarfen da za a yi shi, tagulla ce zaɓi na farko. Ta fi ƙarfen bututu laushi, saboda haka idan an yi gogayya ita ke cinyewa. Ba ta tsatsa. Ba ta kuma fitar da tartsatsi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga kayan da ke shiga inda albarushi yake. Baƙin ƙarfe yana karce bututu, yana kuma iya kama tsatsa ya manne da sanda. Alminiyam yana da laushi, amma yashi kan nutse a jikinsa ya mayar da shi tamkar magagari. Na roba da ake samu cikin kayan kanti yakan karye daga wuya. Dabarar da aka saba gani ta lanƙwasa waya a soka tsumma a ciki tana fitar da wani abu na datti, amma gefe ɗaya take gogewa, bakin wayar kuma yana zana layi a bango, layin da tsatsa za ta fara zama a cikinsa.

Mahaɗar magogi da sanda ita ce wurin da abin ke yawan lalacewa. Na waje suna zuwa da tiredi iri-iri: a Amurka an fi amfani da masu lamba 10-32 da 8-32, a Turai kuma awon milimita ake bi, kamar M5. Suna kama da juna a ido, har ɗaya yakan fara shiga cikin ɗaya zagaye biyu kafin ya cije. Wanda ya tilasta shi ya kashe tiredin, kuma ranar da ƙyalle ya yi gardama, sanda ce za ta fito ita kaɗai. Idan a gida za a yi, a sa mutum ɗaya ya yanka tiredin magogi da na sanda. An fi son magogin tagulla mai ƙusar tiredi ta baƙin ƙarfe, domin siririyar tagulla takan karye a daidai wurin. Idan sandar itace ce mai hular ƙarfe a kai, a tabbata an huda an sa ƙusa ta gicciye ta riƙe hular. Gam kaɗai ba ya jure ja.

Ita kanta sandar da ke maƙale ƙarƙashin bututu ta ɗuri ce a daji. A gida ya fi kyau a ajiye wata dabam domin shara, wadda ta fi bututu tsawo da taƙi guda, mai mariƙi a gicciye. Sandar itace tana da haɗarin da ba a cika zato ba: idan jijiyar itacen ta karkace, takan tsage a tsaye ta zama mashi, ta shige tafin hannun mai turawa. Saboda haka ake riƙe ta kusa da bakin bututu, ana turawa kaɗan-kaɗan. Sojojin Turai ma sun sha wannan wahala, har sai da rundunar Furusiya ta koma sandar ƙarfe a farkon ƙarni na 18, sauran ƙasashe suka bi bayanta.

Sanda ita ce idon mai bindiga

Ba wanda zai iya leƙa cikin bututun da gindinsa ke toshe ya ga abin kirki, kuma ba a so a leƙa ɗin. Sanda ce ke gani a madadinsa. Ranar da aka tabbatar bindiga babu komai a cikinta, a zura sanda da magoginta har gindi, a yi zane a jikinta daidai bakin bututu. Idan an ɗura, a sake zurawa a yi zane na biyu. Daga ranar, duk lokacin da aka ɗauki bindiga, kafin a yi komai, sai a zura sanda, baki na kallon inda babu mutum, fuska da jiki kuma a kauce. Zane na farko na nufin babu ɗuri. Na biyu na nufin akwai ɗuri ɗaya kuma ya zauna daidai. Idan sanda ta tsaya sama da zane na biyu, ko dai ɗuri bai kai ƙasa ba, ko an yi biyu, ko wani abu ya shiga, kamar gidan zanzaro. A kowane hali ba a harbawa.

Wanda ke ganin ba zai taɓa manta ya ɗura bindiga ba, ya dubi abin da ya faru a yaƙin Gettysburg na Amurka a 1863. Bayan an gama, an tattara bindigogin ɗuri sama da 27,000 a filin daga. Kimanin 24,000 daga cikinsu suna ɗauke da ɗuri, kuma aƙalla rabin waɗannan an ɗura su fiye da sau ɗaya. An sami guda mai ɗuri 23. Waɗannan sojoji ne da aka horar. Ɗan bangan da ya kwana yana sintiri, ya dawo da asuba ya miƙa bindiga ga na bayansa, bai fi su ƙarfin mantuwa ba.

Hannun da ya saba da magogi yana kuma jin lafiyar bututu. Idan ƙyalle na tafiya da matsi ɗaya sai ya zo wani wuri ya zame kamar ya faɗa rami, sannan ya sake matsewa, bututun ya kumbura a wurin. Idan ƙyalle na fitowa a yage, ko da zare-zare a tsinke, tsatsa ta yi ramuka masu kaifi. A Ingila tun 1813 aka kafa gidan gwajin bututu a Birmingham, inda ake harba kowace bindiga da ɗuri mai ƙarfi fiye da kima kafin a buga mata hatimi. Bindigar maƙera ba ta bi ta irin wannan gwaji ba, babu wanda ya san iyakar abin da za ta ɗauka. Bututun da ya kumbura ko ya yi ramuka ya gama aiki, walda kuma ba ta dawo masa da ƙarfinsa. Haka nan garin da ke cikin harsashin zamani ba albarushin bindigar toka ba ne, ƙarfinsa ya ninka abin da irin wannan bututu zai jure, kuma zuba shi a ciki hanya ce ta fasa shi.

Wankin kansa ba shi da wuya idan magogi ya dace. Bayan an tabbatar babu ɗuri, an cire duk abin da ke kunna wuta, sai a toshe ramin wuta da tsinke, a zuba ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a bar shi ya jiƙa, a zubar, a maimaita har baƙin ya ragu. Idan bututun na cirewa daga ƙota, akwai hanyar da ta fi: a tsoma gindinsa cikin bokiti, a sa magogi da jiƙaƙƙen ƙyalle ana turawa ana jawowa. Zai yi aiki kamar famfon keke, yana zuƙo ruwa ta ramin wuta yana fesar da shi, ta haka yake wanke lungun da ƙyalle ba ya kaiwa. Wannan ma gwaji ne: magogin da ba ya zuƙo ruwa ya yi sako-sako. Masu harbi sun rabu kan zafin ruwan. Tafasasshe yana sa ƙarfe ya bushe da wuri, amma yakan bar jar tsatsa nan take idan aka yi jinkirin shafa mai. Mai ɗumi ya isa, muddin za a bi shi da busassun ƙyallaye har na ƙarshe ya fito fari kuma a bushe.

Sai mai. Baƙin man da aka juye daga inji shi ne mafi sauƙin samu, kuma shi ne mafi muni, domin yana ɗauke da dattin ƙarfe da ragowar ƙuna. Man gyaɗa da manja sukan yi danƙo idan suka daɗe. Man keken ɗinki yana kare ƙarfe a lokacin ajiya, amma sai an goge shi tas kafin ɗuri, saboda mai irin na fetur idan ya ƙone tare da albarushi yakan bar wani abu mai kama da kwalta wanda ruwa ba ya narkarwa. Tsofaffin maharban Turai kitse marar gishiri da kakin zuma suka riƙa amfani da su. Ko wane aka zaɓa, shafa ake yi ba zubawa ba, kuma a jingine bindiga baki ƙasa na kwana ɗaya domin ragowar ta tsiyaye waje maimakon ta taru a ramin wuta.

Burushin waya, wanda ake samu cikin kayan sharar bindigar zamani, tarko ne a bindigar ɗuri. Gashinsa yakan kwanta baya idan ana turawa, idan ya kai gindi aka ja sai ya miƙe ya cije bango. A bindigar da ke buɗe ta baya ba matsala, wucewa yake yi. A nan kuwa babu inda zai wuce. Abin da ya kamata ya raka magogi shi ne ƙugiya murɗaɗɗiya mai kama da abin buɗe kwalba, wadda ake zaro ƙyallen da ya suɓuce da ita.

Idan magogi ya maƙale, kuma duk mai bindiga zai gamu da wannan wata rana, yawanci busasshen ƙyalle ne aka tura cikin bututu mai datti. Maganinsa haƙuri. A zuba ruwa ta baki, a jira dattin ya narke ƙyallen ya yi laushi, a ɗan tura ƙasa, sannan a ja a miƙe. Idan za a juya sanda, a juya ta dama kawai, domin juyin hagu kwance magogi yake yi ya bar shi a ciki. Ba a dukan sanda da guduma, ba a gasa bututu a wuta, ba a kuma zuba albarushi ta baya domin a harbo shi. Idan ya ƙi, aikin mai gyara ne wanda ke da izinin hukuma.

Shi ma magogin yana son kulawa, ko da yake ba mai yawa ba. A kwance shi daga sanda bayan kowane wanki, a wanke tsakanin zobban da tsohon burushin haƙori, a busar, a ɗiga mai a tiredi. Idan aka bar shi a ɗaure da ruwan datti a mahaɗa, ƙusar takan yi tsatsa ta manne, ko ta rube ta karye ranar da ake buƙatarta. Koren da ke fitowa a jikin tagulla alama ce ta an ajiye ta da danshi. Idan ya faɗi a kan siminti, a shafa gefensa da yatsa, in an ji kaifi a goge da magagari mai laushi kafin ya sake shiga bututu. A goge sandar ma, domin yashin da ke jikinta yana cin bakin bututu a hankali har ya zama ba da'ira ba. A ajiye magogi, ƙugiya da ƙyallaye a ƙaramin gwangwani mai murfi, nesa da albarushi da hannun yara, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, saboda darmar da ke cikin dattin.

Tagulla tana cinyewa da amfani. Idan zobban suka mulmule har ƙyalle ya fara suɓucewa a fitowa, ana iya farfaɗo da kaifin bayansu da magagari sau ɗaya ko biyu. Idan ya kai ga sai an ninka ƙyalle uku kafin a ji matsi, ko ƙusar ta lanƙwashe, ko yana girgiɗi a kan sanda bayan an ɗaure shi tam, lokacin yin sabo ya yi, da awon da aka rubuta aka ajiye tun farko.

Wanki ɗaya ba ya gama aiki a bututun da ya riga ya yi ramuka, domin gishirin yakan ɓuya a cikinsu ya riƙa fitowa daga baya. Saboda haka washegarin wanki a sake zura farin ƙyalle mai ɗan mai, a kuma maimaita bayan kwana uku. Daga Afrilu zuwa Oktoba, a yanayi irin na Kurudu, ya dace a riƙa yin haka kowane mako ko da ba a yi harbi ba. Ƙyallen da ya fito da toka-toka yana nuna sauran datti, sai a ƙara gogewa. Wanda ya fito da ja ko ruwan ƙasa yana nuna tsatsa ta kama, sai a koma ga ruwa da sabulu daga farko.